Kada Mu Sake Dasa Darbejiya Zalla

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata magana da aka yi a taron malamai na zangon da ya wuce. An kawo shawara a kewaye gefen arewa da gabas na filin makaranta da itatuwa, domin su tare mana iskar hunturu da ƙurar da take cika azuzuwa. Kowa ya yi na'am, gama shawara ce mai kyau. Da aka zo kan irin itacen da za a dasa, sai aka ce, "Darbejiya mana, ko akwai wata?" Aka yi dariya, aka wuce zuwa maganar kuɗin jarrabawa. Mu da muke koyar da aikin gona da ilmin halittu muka yi shiru a ranar, bai kuwa kamata mu yi shiru ba. Tun da yake har yanzu ba a haƙa rami ko ɗaya ba, lokaci bai ƙure ba. Ra'ayinmu shi ne kada a dasa darbejiya zalla, kada kuma a dasa wani irin itace shi kaɗai, ko wane ne shi. Dalilinmu kuwa ƙwari ne.

Kada wani ya ɗauka muna ƙin darbejiya, wadda wasu ke ce wa maina, wasu dogon yaro. Asalinta daga wajen Indiya ne, an kuwa kawo ta Nijeriya a shekarar 1928, aka fara dasa ta a lardin Borno. Tun daga nan ta yi mana alheri mai yawa. Tana jure fari, awaki ba su cika damunta ba, tana girma da sauri, a bazara kuma sa'ad da sauran itatuwa suka tuɓe, ita tana nan da inuwarta. Da yawa daga cikinmu a gindinta muka koyi ƙidaya. Shingayen itatuwan da aka dasa a wannan yanki a shekarun 1980 da 1990, tun muna cikin Jihar Kano har bayan an ba mu Jigawa a 1991, yawancinsu darbejiya ne da turare. Ba wanda zai ce ba su yi amfani ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan. A shekarar 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer yana aiki a ƙasar Sudan, sai fara ta sauka. Ya lura ta cinye ganyen sauran itatuwa, amma ta bar darbejiya kore shar. Daga nan aka shiga bincike, aka gano cewa akwai wani sinadari mai ɗaci a ganyenta da 'ya'yanta wanda ke hana ƙwari ci, yana kuma hana su girma. Iyayenmu mata da suke zuba ganyenta a cikin rumbun wake ba su jira Bajamushe ba. To, mai karatu zai ce, ashe ka kashe maganarka da bakinka: idan ƙwari ba su cin darbejiya, ai ita ce ta fi dacewa.

A nan ne ya kamata mu tuna abin da ya faru a tsakiyar shekarun 1980. Bayan farin 1983 da 1984, wani ɗan ƙwaro ya auka wa darbejiya a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, wato arewa maso gabashin Nijeriya, gabashin Nijar, Chadi da arewacin Kamaru. Masana suna kiransa Aonidiella orientalis. Bai kai ƙwayar gero girma ba, ba ya tsalle, ba ya ƙara. Mannewa yake yi a jikin ganye da reshe, ya rufe kansa da ɗan ɓawo rawaya, ya kafa baki yana tsotsar ruwan itacen. Ganye ya yi kamar an babbaka shi, ya zube, rassa su bushe daga sama. Itacen da fara ta ji tsoro, wannan ɗan mitsitsin abu ya durƙusar da shi. Ba dukan itatuwan suka mutu ba, amma garuruwan da ba su da wata inuwa sai darbejiya sun ga tashin hankali. Abubuwa biyu ne suka haɗu. Na ɗaya, fari ya riga ya raunana itatuwan. Na biyu, an jera su iri ɗaya, reshe na taɓa reshe, daga wannan ƙarshen titi zuwa wancan, ƙwaron bai sha wahalar neman abinci ba. Maiduguri ba ta da nisa da mu, Gashuwa da Nguru kuwa maƙwabtanmu ne.

Bari mu ɗan yi darasi, ɗalibai su yi haƙuri, mun san hutu ake shirin tafiya. Yawancin ƙwarin da ke cin tsiro ba kowane tsiro suke ci ba. Kowane yana da nasa. Farar nan mai zane-zane da ake gani a jikin tumfafiya tana cin abin da zai sa akuya ciwo. Tsutsar da ake samun zaren tsamiya daga gare ta, wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi, sunan itacen da take ci ne aka ba zaren. Uwar ƙwaro tana neman itacenta da ƙanshi da kuma gani, domin ta sa ƙwai inda 'ya'yanta za su sami abinci da zarar sun ƙyanƙyashe. Idan ta shiga wurin da itatuwa iri ɗaya ne, ko'ina ta sauka gida ne. Idan kuwa tsamiya na kusa da aduwa, aduwa na kusa da kanya, kanya na kusa da marke, ƙanshin ya gauraye, hanya ta yi tsawo, kafin ta kai ga wanda take nema ta ɓata lokaci, wataƙila ma tsuntsu ya tsince ta a hanya.

Wannan ba tunaninmu ba ne kawai. A shekarar 2007 wasu masana biyu, ɗaya a Faransa ɗaya a New Zealand, sun tattara gwaje-gwaje fiye da 100 daga sassan duniya, inda aka kwatanta itace iri ɗaya da aka dasa shi kaɗai da kuma inda yake gauraye da wasu. Suka tarar ɓarnar ƙwari ta fi sauƙi a daji mai gauraye, musamman ɓarnar ƙwarin da ke da zaɓen abinci. Sun kuma lura cewa amfanin ya fi yawa idan itatuwan da aka gauraya ba 'yan gida ɗaya ba ne. Wato idan muka jera bagaruwa da dakwara da farar ƙaya, waɗanda duk dangin juna ne, ba mu yi gauraye sosai ba tukuna. Ma'aikatan gandun daji na Afirka ta Yamma sun san wannan tun da daɗewa ta wurin maɗaci. Sau da yawa an gwada dasa shi gandu guda domin katako, sai wata tsutsa ta riƙa huda kan tohonsa, itacen ya yi ta rassa maimakon ya miƙe. Inda yake tsiro jefi-jefi a cikin wasu itatuwa, ɓarnar ba ta kai haka ba.

Amma dalilin da ya fi ƙarfi a wurinmu ba ɓatar da ƙwaro hanya ba ne, a'a, ciyar da abokan gabansa ne. Kowane yaro ya taɓa fasa ɗakin zanzaro a bangon aji, ya ga tsutsotsin da ya tara a ciki. Wannan aikin da zanzaro ke yi, dubban halittu suna yin irinsa ba mu gani: rina, gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, tururuwa, hawainiya, ƙadangare, jemage da dare, tsuntsaye da rana. Shamuwa da ke zuwa mana da albishirin damina, babban abincinta fara ce, a kan manyan itatuwan gari kuma take sheƙa. Balbela na bin shanu ne domin farar da ƙafafunsu ke tayarwa. Waɗannan ma'aikata ba su karɓar albashi, amma suna bukatar abinci watanni 12, ba na damina kaɗai ba. Idan rani ya yi, gonaki sun zama fili, ina za su ci? Sai a jikin itatuwa. Itatuwan kuma dole su zama iri-iri, domin wannan ya yi fure sa'ad da wancan ya huta.

A nan gawo ya fi kowa. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana a gindinsa, sa'an nan ya yi toho da fure da kaka zuwa rani, lokacin da kowa ya bushe. Ƙananan tsutsotsi da ƙudaje suna taruwa a kansa, tsuntsaye su bi su. Wasu masana daga ƙasar Holan sun yi shekaru suna yawo a faɗin Sahel suna ƙidayar tsuntsaye itace bayan itace. Suka tarar tsuntsayen da ke cin ƙwari, har da baƙin da ke ƙetaro Sahara daga Turai kowace shekara, sun fi taruwa a gawo da aduwa da sauran itatuwa masu ƙaya. Darbejiya da turare kuwa kusan fayau suke. Dalili a fili yake. Ɗacin nan da muke yabo, shi ne ya sa babu abin da tsuntsu zai tsinta a kanta. Duk wanda ya zauna a gindin gawo da safe a watan Janairu, sa'an nan ya koma gindin darbejiya, kunnensa zai ba shi shaida. Saboda haka shingen darbejiya zai tare mana iska, amma ba zai ajiye mana ko tsuntsu ɗaya da zai sauka gonar makaranta ya yi mana aiki da damina ba.

Ko wannan na taɓa abin da ke shiga rumbu? Yana taɓawa. Akwai tsutsar da ke bin zangarniyar gero tana yanke furen, ta bar sawu kamar an naɗa zare. Ba a ɗauke ta babbar matsala ba sai bayan farin farkon shekarun 1970, daga nan ta zama ɗaya daga cikin manyan maƙiyan gero a Sahel. A yankin Bambey na ƙasar Sanagal masana sun yi gwaji mai sauƙi, irin wanda ɗalibanmu ma za su iya: suka rufe wasu zangarniyoyi da raga domin kada wani abu ya kai ga tsutsar, suka bar wasu a buɗe. Waɗanda aka rufe sun fi lalacewa. Waɗanda tsuntsaye da jemagu da sauran ƙwari masu farauta suka iya kaiwa gare su sun fi tsira, an kuma ga wannan kariya ta fi ƙarfi inda itatuwa suka fi yawa, suka fi zama iri-iri. A Maraɗi kuwa, masana aikin gona suna kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro a cikin 'yan jakunkuna, su raba wa ƙauyuka a rataye, ya fita ya sa ƙwai a jikin tsutsar ya kashe ta. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai kowace shekara sai an sake raba shi, gama dogon rani yana rage shi sosai a fili.

Yanzu sai maganar yanayi, wadda ita ce ta sa muka ga abin bai kamata a yi masa jinkiri ba. Ƙwaro ba ya ɗumama jikinsa da kansa kamar mu, zafin wuri ne ke tafiyar da rayuwarsa. Idan ɗumi ya ƙaru, ƙwai ya yi saurin ƙyanƙyashewa, tsutsa ta yi saurin ci da girma, a damina ɗaya a sami zuriya fiye da yadda aka saba. A ƙasar Kanada, tsananin sanyi ne ke kashe wani ƙwaro mai shiga ƙarƙashin ɓawon itatuwan katako. Da sanyin ya ragu, daga ƙarshen shekarun 1990 ƙwaron ya bi dazuzzukan da iri ɗaya ya mamaye a lardin British Columbia, ya taɓa fiye da hekta miliyan 18, wato fiye da girman Jihar Jigawa sau bakwai. A Jamus da maƙwabtanta, farin 2018 zuwa 2020 ya buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa, gandun katako da aka dasa iri ɗaya suka bushe a tsaye. Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da masana da injuna, ba su iya tsayar da shi ba.

Dole mu faɗi gaskiya, namu ya ɗan bambanta. A Hadejia zafin watan Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, wannan kuwa yana kashe ƙwari da yawa, ba ƙara su yake yi ba. Abin tsoro a wurinmu shi ne rikicewar ruwa, shekara ta fari ta biyo shekara ta ambaliya. Itacen da ke jin ƙishi ba ya iya kare kansa. Ƙaron da yake fitarwa ya toshe ramin ƙwaro ya ragu, ruwan jikinsa ya yi kauri, masu tsotsa da masu huda su sami sauƙi. Sa'an nan fari yana kashe masu farauta tare da abin farautarsu, amma idan ruwa ya dawo, mai cin ganye ne ke fara farfaɗowa. Farar nan ta ciyawa da ke cin gero tun yana ƙarami har ya yi kai, ƙwanta na iya kwanciya a cikin ƙasa ya jira ruwa. Shi ya sa aka ga ta ɓarke a 1974, bayan babban fari, aka sake ganinta a 1985 da 1986, bayan na biyun. Dattawanmu sukan ce fari ba ya tafiya shi kaɗai, fara na biye da shi. Ɗaliban aji ɗaya da ke rikita rubutun kalmomin nan biyu ba su yi nisa da gaskiya ba.

Mu kuma a fadama muke, ruwanmu ba na sama kaɗai ba ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, Kogin Hadejia bai koma yadda kakanninmu suka san shi ba. Filin da ambaliya ke rufewa tsakanin Hadejia da Nguru ya wuce murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, amma a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 bai kai 1,000 ba. Ambaliyar nan ita ce ke cika ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda saiwar giyayya da bagaruwa da kanya da goruba ke sha da rani. Inda ruwan ya daina zuwa, itatuwa suka yi ta bushewa. Inda kuma kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ya kwanta shekara guda ba ya janyewa, itatuwa suka ruɓe a tsaye, gama ko giyayya mai son ruwa tana bukatar ƙasa ta sha iska. Aka zo aka yi ambaliyar 2022, wadda ba sai mun tuna wa mutanen Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri ba. Itacen da ya sha wannan ja-in-ja, yau ƙishi gobe nutsewa, shi ne ƙwaro ke nema. Ba wanda zai iya gaya mana irin shekarun da ke gaba. Wani itacen ya fi jure fari, wani ya fi jure ruwa, wani ƙwaronsa bai iso ƙasarmu ba tukuna. Wanda ya dasa iri goma, ko uku sun faɗi yana da bakwai.

Abin da ya rage mana na dajin asali, mafi yawansa yana Baturiya, wadda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, Gwamnatin Tarayya kuma ta amince a 2020 a mai da wurin gandun daji na ƙasa. Mun kai ɗalibai can. Abin da ya ba mu kunya shi ne, a cikin 'yan aji biyar da suka iya zana ganyen itatuwan Turai daga littafi, kaɗan ne suka iya bambanta kurna da magarya. Laifinmu ne mu malamai, ba nasu ba. A hanyar dawowa kuma muka yi ta wuce motoci da amalanke cike da itacen wuta. Ba mu da bakin zagin masu saran, gama ɗakin girkinmu ma da itace yake dafa wa ɗalibai abinci, masu ƙyafe kifi kuma da shi suke neman na tuwo. Tsohon gawon da ke bayan ɗakin kwanan yara maza, mu da kanmu muka yarda a sare shi, wai ƙayarsa na fasa ƙwallo.

Akwai masu ja da wannan magana, wasunsu kuwa suna da hujja. Manomin shinkafa zai ce itace gidan tsuntsu ne, tsuntsu kuma shi ne ya cinye masa gona. Jan baki yake nufi, ba ƙarya ya yi ba, yana kuma yin sheƙa a ƙayoyi. Amma duk mai zuwa fadama da magariba ya san inda garken ke sauka ya kwana: cikin kacalla. Ko mun sare kowane itace daga nan har Birniwa, jan baki na nan. Waɗanda za mu kora su ne masu cin tsutsa. Wani kuma zai ce gauraye ba ya hana babbar fara. Wannan ma gaskiya ne. Farar da muka karanta labarinta a Littafin Fitowa, annoba ta takwas a Masar, ba ta zaɓen abinci, haka ma wadda ta taso daga fadamun Kogin Kwara a ƙasar Mali a 1928 ta yi ta yawo a Afirka har 1941. Irin wannan sai haɗin kan ƙasashe da jiragen feshi. Haka nan tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda ta share gonaki a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna a 2016, da tsutsar masara da ta shigo Afirka a wannan shekarar, baƙi ne daga nahiyar Amurka, ba mu ce shingen makaranta zai tare su ba. Abin da muka ce shi ne, baƙon ƙwaro ya fi yin ɓarna inda ya tarar da abinci iri ɗaya shimfiɗe rani da damina, ba kuma mai farautarsa. Noman ranin da muke alfahari da shi a kwarin Hadejia, tare da feshin da ake yi ba awo wanda ke kashe zanzaro da gizo-gizo tare da tsutsa, yana shirya masa irin wannan masauki.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta saurin girma. Shugaban makaranta yana so ya ga inuwa kafin ya yi ritaya, ba mu ga laifinsa ba. Tsamiya da kanya suna da nawa, gawo ma a shekarunsa na farko saiwa yake yi ƙasa, ba a ganin kome a sama. Amsarmu ita ce a bar darbejiya ta yi aikin da ta iya. A sa ta a layin waje, inda iska da awaki ke fara bugawa, a sa zogale a ciki domin ɗakin girki ya fara amfana a shekarar farko, sa'an nan a cika tsakani da namu na gida, suna tasowa a hankali. Turare dai muna roƙo a bar shi, gara na son dashensa, yana kuma shan ruwa da yawa.

Akwai ma hanyar da ta fi dashe sauri, maƙwabtanmu na Nijar ne suka nuna ta. A shekarar 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa. Ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen tsofaffin itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara zaɓen reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, cikin shekaru kaɗan sai ga itace. Manoma da kansu suka yaɗa abin daga gona zuwa gona, har aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Abin da ya dace da maganarmu shi ne, ƙasa ba ta toho iri ɗaya. Abin da ke fitowa gawo ne da kalgo da sabara da aduwa da magarya, yadda Mahalicci ya gauraya su tun farko. Mun zagaya filin da ake maganar kewayewa, mun ƙirga kututture masu toho fiye da yadda muka zata, galibi sabara da kalgo, da aduwa 'yan kaɗan. Duk shekara ranar tsabtace makaranta muke ba ɗalibai adda su sare su, har mu ba ajin da ya fi share wuri kyauta.

Ga abin da muke roƙon hukumar makaranta da kwamitin ikilisiya. A ɗage sayen dashen darbejiya da aka yi niyya, a rage shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A hana sare toho a gefen arewa da gabas, mu za mu sa wa waɗanda za a bari alama da jan ƙyalle. A daina fesa maganin ƙwari a jikin shingen, a kuma karɓe danƙon harbin tsuntsu daga hannun 'yan aji ɗaya. Ƙungiyar matasa manoma ta yarda za ta buɗe littafi: kowane wata a tsinki ganye 20 daga kowane irin itace, a rubuta nawa ne ƙwaro ya taɓa, a rubuta tsuntsayen da aka gani, a rubuta ruwan da ma'aunin makaranta ya nuna. Bayan shekaru biyar za mu sami lissafin kanmu na Hadejia, idan kuma ya nuna mun yi kuskure, za mu rubuta haka a wannan mujalla.

Ɗalibai kuwa, ga aikin hutu wanda ba na littafi ba. Lokacin Kirsimeti zuwa ƙarshen hunturu ne 'ya'yan kuka da tsamiya da magarya da aduwa da bagaruwa suke nuna, na gawo ma suna fara zuba. Kowa ya dawo da ko cikin tafi ɗaya na irin itacen da ke garinsu, a ƙulle a takarda, ba a leda ba, domin kada ya yi fumfuna. A rubuta sunan itacen da sunan garin, a tambayi kaka ko kakan gida abin da ake yi da shi, a rubuta wannan ma. A zaɓi waɗanda ba su da huji, gama akwai ɗan ƙwaron da ke shiga 'ya'yan gawo da bagaruwa tun suna kan itace. Masu taurin ɓawo za mu jiƙa su a ruwan zafi su kwana kafin mu shuka a tukwanen leda a watan Afrilu, domin su isa dasawa idan damina ta kafu a Yuli. 'Yan Guri da Kirikasamma, ku muke sa wa ido a kan giyayya da goruba. Za a karɓi irin a ɗakin gwaje-gwaje a makon farko na komawa makaranta.